Ƙafar Babur ɗin Malam Hali

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Hali ya kawo mini ƙarar babur ɗinsa ba, ko da yake abubuwa da yawa na wancan zamani sun riga sun shige mini duhu. Ina rubuta wannan domin ku da kuke riƙe da sifana a yau, musamman waɗanda na gani da idona suna zura bututu a ƙafar babur, su lanƙwasa ta da ƙarfin tsiya, su ce sun gyara. Ku karanta a natse, gama ba na son maimaita magana.

A lokacin ni fita ne, wato mai gyaran injuna, a wata ma'aikatar gwamnati da ke bayan ganuwar Sakkwato, cikin shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. Baburan garin duka ana iya ƙirga su da yatsu, kuma kusan dukansu na Turawa ne. Ni ba ɗan garin ba ne. A gidan mishan na tashi, can kudu a bakin Kwara, inda aka tara yaran da aka karɓo daga hannun masu fataucin bayi. Ban san mahaifiyata ba, ban san sunan garinmu ba. A can aka sa mini suna Ishaku, aka koya mini karatu da rubutu da aikin ƙarfe, aka kuma koya mini cewa aikin da aka bari da saura ƙarya ce da aka yi da hannu.

Mutanen Sakkwato ba su taɓa wulaƙanta ni ba, wannan dole in faɗa. Suna gaishe ni, ina amsawa. Amma ba a kirana bikin suna, ba a kirana ɗaurin aure, in an zauna cin tuwo a inuwar tsamiyar ma'aikata kowa ya san ƙwaryar da zai sa hannu, ni kuwa akushina daban. Halina ma bai taimaka ba. Ni mutum ne mai mayar da aiki in bai yi ba, kuma mai mayar da aiki ba ya tara abokai.

Malam Hali malamin dabbobi ne. Aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, a ƙarƙashin Baturen dabbobi. Daga gidan malamai ya fito a cikin birni, dattijo ne mai furfura a gemu, mai Fulatanci kamar a ruga aka haife shi, shi ya sa makiyayan da ke gudun allurar Nasara suke tsayawa in sun ga shi ne. Domin wannan aka ba shi babur. Doka kuwa ita ce babur ɗin gwamnati a ma'aikata yake kwana. Saboda haka kullum da safe yakan zo ya ɗauka, da la'asar ya dawo da shi. In ya dawo ba ya gaggawar tafiya. Yakan yi salla a gindin tsamiya, sannan ya jawo akwatin kayan aikina ya zauna a kai, ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi, ya shiga ba ni labarin shanu da masu su. Yakan kira ni maƙerin Nasara, ya ce ranar da na yi dariya za a yi ruwa a tsakiyar rani. In takaice muku, maganar da nake yi da shi a wannan ɗan lokaci ita ce maganar da nake yi a yini, in aka cire ta aiki.

Cikin wani rani bijimi ya harbe shi a gwiwar hagu. Bai faɗa wa kowa ba a ma'aikata. Ya yi kwanaki a gida, aka ce zazzaɓi ne, ya dawo cikin babbar rigarsa yana tafiya a hankali kamar yadda ya dace da malami. Ni dai na lura da abu biyu. In ya zauna a salla yakan miƙe ƙafar nan gefe, ba ya naɗe ta. Da safe kuma, in ya hau babur, sai ya tsaya yana gyara rawani, yana gyara hannun riga, bai ɗaga babur ɗin daga kan ƙafarsa ta ƙarfe ba.

A nan sai in yi bayani domin wanda ba ɗan sana'a ba. Babur yana da wata ƙafar ƙarfe a gefen hagu, wadda ake turawa ƙasa a kafe shi da ita. In an kafe shi ba ya tsayawa cak, yakan ɗan kwanta wajen hagu, nauyinsa ya rabu tsakanin tayoyi biyu da ƙafar nan. Mai hawa kuwa, kafin ya tashi, dole ya dasa ƙafarsa ta hagu a ƙasa, ya tunkuɗa babur ɗin ya miƙe. Iyakar yadda babur ya kwanta, iyakar nauyin da gwiwar mutum za ta ɗauka. Baburan wancan zamani kuwa ƙarfe ne zalla, ba irin na yanzu da mace ma take juyawa da hannu ɗaya ba.

Tun daga ranar na ƙirƙiro wata al'ada. Da safe nakan ce bari in ji motsin inji kafin ya fita. In ɗaga babur ɗin, in tayar da shi, in saurara kamar mai neman wata cuta, sannan in riƙe shi a miƙe har ya hau. A rugage kuwa, daga baya na gane, yakan jingina shi da itace, ko makiyaya su riƙe masa don girmamawa. Bai taɓa ce mini na gode ba a kan wannan, ni ma ban taɓa nuna masa na san wani abu ba. A garin nan dattijo ba ya faɗin rauninsa, wanda ya gani kuma ba ya nunawa da yatsa.

Ana nan, bazara ta kawo jiki, sai Baturen dabbobi ya yanke cewa Malam Hali zai koma Wamakko ya yi damina a can, domin shanun da ke barin fadama in ruwa ya cika su samu allura kafin su watse. Babur zai tafi da shi, ya riƙa kwana a wurinsa. Sai kuma magana ta fito, cewa wani ya kai wa Bature gulmar gwiwar dattijon, kuma Bature ya ce zai zo da kansa ranar tafiya ya ga tashinsa. In ya ga dattijo ba ya iya sarrafa babur shi kaɗai, za a karɓe, a ba wani, shi kuma a sallame shi ya koma gida. Malam Hali ya yi wannan aiki tun ana bin shanu a ƙasa. Sallama a kan gurgunta, a gaban leburori, da ta fi masa ciwo bisa harbin bijimin.

Ranar da nake faɗa muku, ya dawo da la'asar, ya yi salla, ya zauna a kan akwatin. Bai ɓare goro ba. Ya daɗe yana kallon babur ɗin a kafe, sannan ya ce, "Ishaku, babur wanga naka ya cika kwanciya. In anka kahe shi sai ya kishingiɗa awa basaraken da yaƙ ƙoshi."

Na ce bari in auna. Ga yadda ake aunawa, ku riƙe. A sa babur a daɓen siminti mai lebur, tayoyi cike da iska, a ɗaura zare a tsakiyar ƙarfen da ke rufe tayar baya, a rataya dunƙulen darma a bakinsa. In babur yana miƙe, darma za ta sauka daidai bayan tsakiyar taya. In aka kafe shi, za ta gusa hagu. A sa alli a wurare biyun. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kwanciyar babur. Na auna, na gwada da wani irinsa na Bature da ke ajiye, na duba littafin masu ƙera shi. Babu abin da ya lanƙwashe, babu abin da ya ci. Na faɗa masa gaskiya, cewa yadda aka ƙero shi haka yake.

Ya ce, "Mi littahin naka yac ce?"

Na ce littafi bai ga laifinsa ba.

Ya yi ɗan murmushi, ya miƙe a hankali yana dafa akwatin, ya ce, "To, littahi ba shi zuwa Wamakko. Ni ka zuwa." Ya yi mini sai da safe, ya tafi.

Iyakar roƙon da ya yi ke nan, kuma na san ba zai ƙara ba.

Ƙa'ida ita ce ba a sake wani abu a jikin injin gwamnati sai da izinin Baturen da injin yake ƙarƙashinsa. Washegari na je ofishinsa, na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago kai. Na ce ina neman izinin ƙera wa babur ɗin malamin dabbobi sabuwar ƙafa, mai ɗan tsawo da faɗin tafi. Ya tambayi dalili. Na ce ƙasar Wamakko da damina laushi gare ta, siririyar ƙafa za ta nutse, babur ya ƙara kwanciya, fetur ya riƙa ɗiga daga kafireto, wata rana ya faɗi a kan akwatin magani. Duk wannan gaskiya ne. Ya cire lofe daga bakinsa, ya dube ni, ya tambaya da Hausarsa mai kauri ko dalilin ke nan duka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dalilin da ya shafi ƙarfe ke nan. Ni ƙarfe aka ba ni."

Ya mayar da lofe bakinsa. Sannan ya ce in yi, amma in babur ya faɗi dama saboda na miƙar da shi da yawa, ni zan amsa. Na ce na ji.

Abin da ya faɗa shi ne ainihin wuyar aikin. Ƙara wa ƙafa tsawo ba wani abu ba ne, kowane maƙeri zai iya. Amma babur ɗin da ya miƙe da yawa ba shi da riƙo. Iskar hadari za ta iya tura shi, saniya ta goge shi da kwiɓi ya kife, akwati mai nauyi a gefen dama ya rinjaye shi. Akwai kuma abin da yawancinku ba ku tunawa: in taya ta sace, babur yakan yi ƙasa, ƙafa kuwa tsawonta na nan, sai ta ƙara miƙar da shi, ya faɗi dama ba wanda ya taɓa shi. Tsakanin kwanciyar da gwiwar Malam Hali za ta iya ɗagawa da miƙewar da za ta kayar da babur, akwai ɗan wuri ƙanƙane. Shi aka ce in nemo. Kuma ba ni da ikon in kira mai gwiwar in ce zo mu gwada.

Na jira Jumma'a. Da hantsi ya yi aka tashi aiki, kowa ya tafi wanka da sake riga, ma'aikata ta zama tawa ni kaɗai kamar kowace Jumma'a. Daga inda nake ina jin garin yana tafiya masallaci, sannan ya yi tsit. Na ɗauko ɗan katako na ɗaure shi a bayan gwiwata ta hagu da tsumma, yadda ba za ta lanƙwashe ba sai kaɗan, kamar yadda na ga tasa. Na sa tsakuwa mai kaifi a cikin takalmina, domin in na danna da ƙarfi in ji. Na hau babur, na yi ƙoƙarin ɗaga shi. Sai da na yi gumi. A nan na san abin da dattijon nan yake haɗiyewa kowace safiya kafin in fara al'adar sauraron inji.

Na shiga sa siraran katako a ƙarƙashin ƙafar, ɗaya bisa ɗaya. In ƙara, in hau, in ɗaga, in sauka, in ja ƙafata ɗaurarriya zuwa baya in sa alli. Da na kai inda ɗagawar ta zama mai sauƙi, sai na koma ɗaya gefen aikin. Na cika akwatin magani da duwatsu na ɗaure a dama. Na sace iskar tayar baya. Na tsaya a hagu na tunkuɗa da kafaɗa, kamar yadda saniya za ta yi. Ya ɗaga, ya yi kamar zai tafi, na riƙe shi. Na cire katako ɗaya, na sake gwadawa tun daga farko. Haka na yi ta yi, ina ɗingishi tsakanin gaba da baya, ba mai gani sai ƙadangarun katanga.

Ina cikin wannan ne na ga abin da zai biyo baya, kuma zan faɗa muku domin ku san na gani. In aikin ya yi kyau, Malam Hali ba zai ƙara bukatar mai sauraron inji da safe ba. Wanda ya iya da babur shi kaɗai a Wamakko, ba za a ce ya riƙa kawo shi kwana a ma'aikata ba in ya dawo. Na zauna a daɓen, ƙafata a miƙe, na daɗe ina duban zanen allin. Sannan na tashi na ci gaba da awo, gama ba a koya mini wata hanyar yin aiki ba.

Da na sami wurin, na yanko ƙarfe daga tsohon gatarin mota, na hura wuta, na ƙera ƙafar. Na yi mata tafi mai faɗi kamar na raƙumi, na karkatar da shi yadda zai kwanta gaba ɗaya a ƙasa in babur ya jingina, kada gefe ɗaya ya ɗauki nauyi. Na fitar mata da ɗan kunne a baya, wanda diddige zai samu ba sai an lanƙwasa gwiwa ba. Na ɗaura, na auna, darma ta sauka a kan allin. Na kai babur ɗin bayan ma'aikata, na jiƙa ƙasa da ruwa har ta yi laushi, na kafe shi a kai. Bai nutse ba. Na goge zanen allin duka, na ƙone katakon da na ɗaure ƙafata da shi, na wanke hannu kafin mutane su fara dawowa.

Da ya zo ya ga sabuwar ƙafar, ya zaga ta, ya taɓa tafin da sandarsa, ya ce na yi wa babur takalmin raƙumi, saura in sa masa akala. Bai gwada a gabana ba, ni ma na juya na shiga neman wata ƙusa da ban ɓatar ba.

Ranar tafiya Bature ya zo da safe, ya tsaya a tsakar ma'aikata da lofensa. Leburori suka bar aiki suna kallo ta gefen ido. An ɗaure akwatin magani, an ɗaure tabarma da buta. Ni na tsaya nesa, hannuwana a baya, domin na san in na matsa taku ɗaya na gama da shi. Malam Hali ya gai da Bature, ya tattara rigarsa, ya ɗora ƙafar dama ta ƙetare. Bai tsaya gyara rawani ba. Ya yi bisimilla a hankali, ya dasa ƙafar hagu, ya ɗan karkata kafaɗa, babur ya miƙe. Diddigensa ya sami kunnen, ƙafar ƙarfen ta naɗe. Ya buga inji da dama, ya kama.

Bature ya sa shi ya kashe, ya kafe, ya sauka, ya sake hawa. Ya yi. Sannan Bature ya matso ya tura babur ɗin da hannu daga hagu, ya ga bai tafi ba. Ya dube ni, ya dubi dattijon, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma ofis.

Malam Hali ya fita ta ƙofa bai waiwayo ba. Haka ya kamata. Da ya waiwayo, da kowa ya gane.

Ya yi daminarsa a Wamakko, ya yi wasu bayanta, ya bar aiki a lokacin da ya ga dama, da ƙafarsa da girmansa. Kamar yadda na zata, da ya dawo birni aka bar masa babur ɗin yana kwana a zaurensa. In lokacin canjin mai ya yi yakan kawo shi, mu gaisa, ya tambayi lafiyata, in tambayi iyali, ya ce ana jiransa. Zaman la'asar bai dawo ba. Ban ɗauke shi da laifi ba. Mutum ba ya sakewa a gaban wanda ya auna rauninsa da zare da darma, ko da bai faɗa ba. Sau ɗaya tak ya taɓo maganar. Mun haɗu a hanyar kasuwa, ya tsaya ya kafe babur ɗin a kan rairayi, muka gaisa, ya dube shi ya ce, "Bai taɓa hwaɗuwa ba, Ishaku." Na ce haka aka so. Ya hau ya wuce, ni kuma na koma ɗakina.

To, ga abin da nake so ku ɗauka. Ƙafar babur ba ta da awo ɗaya na kowa. Akwai awon masu ƙera shi, shi ne mafari, kada ku raina shi. Bayansa akwai ƙasar da za a kafe shi a kai, da kayan da zai ɗauka, da gwiwar da za ta ɗaga shi. Ku auna duka, ku gwada da taya a sace, kada ku lanƙwasa da bututu. In dattijo ya zo ya ce injinsa ne ba shi da lafiya, ku duba injin da kyau, sannan ku dubi yadda mai shi yake tsaye, ku yi shiru da abin da kuka gani. Mutanen ƙasar nan a kan ƙarfe suke ɗora kukan da ba za su iya yi a kan jikinsu ba. Kada kuma ku shiga wannan sana'a don neman abokin hira. Mai aikin banza kullum bakin rumfarsa cike yake, domin waɗanda ya yi wa aiki dole su dawo. Wanda ya gyara abu har ƙarshe, shi ke tsayawa a bakin ƙofa yana kallon bayan mutane. Na san farashin tun ƙarfen yana cikin wuta, kuma da za a sake kawo mini babur ɗin nan yau, a kan allin nan zan sake tsayar da darma.